Wasiƙa daga Detroit: Masu ƙera mota da kujerar mulki

Assalamu alaikum. Ya gida, ya iyali, ya sanyin hunturu a wajenku? Allah ya sa kowa lafiya. Gaisuwar ta tsaya nan, domin maganar da yawa.

Tun da aka fara kaɗa gangar siyasa a gida, tambaya ɗaya ake ta jefo mini. Abokan makaranta sun yi ta, ƙannena sun yi ta, har wani dattijon unguwarmu ya sa aka kira ni don ya ji da kunnensa: wai a can Amurka ma sai mai kuɗi ke tsayawa takara? Kuma wanda ya iya riƙe kamfani, ai zai iya riƙe jiha, ko ba haka ba? Amsa guntu-guntu a waya ba ta ƙosar da kowa, shi ya sa na zauna na rubuta. Masu tambayar takardun zama, da kuɗin mota ta hannu, da yadda muke azumi a nan, ku yi haƙuri, zan zo kanku.

Bari in fara da sanyi, don shi ne ya tashe ni yau. Ina aiki a wata masana'anta da ke yin sassan mota a bayan gari, kuma ƙarfe shida ake shiga. Kafin in fita sai na sa riga uku, safa biyu, safar hannu, hula mai rufe kunne. In na fito, gilashin motar ya daskare, sai na ɗauki wani ɗan faifan roba na kankare ƙanƙarar da hannu, injin yana aiki, numfashina yana fita fari kamar hayaƙin murhu. Minti goma sha biyar ke tafiya a nan kullum. Sanyin gida yana fasa leɓe da dunduniya, ka shafa mai ka zauna bakin wuta ya wuce. Na nan ƙashi yake nema. Yatsu sukan mutu har ka kasa juya makulli. Rana takan fito fes, ka ɗauka za ta yi ɗumi, ka fita ka tarar haske ne kawai. Kafin biyar da rabi na yamma duhu ya rufe, la'asar da magariba suna bin juna kamar ana kora su. Hukuma kuma tana watsa gishiri a kan titi don ya narkar da ƙanƙara, gishirin nan shi ke cin ƙarƙashin mota. Duk wanda za a turo wa mota daga wannan yanki, kada fenti ya ruɗe shi, ya sa bakanike ya kwanta ya leƙa ƙasanta.

A hanyar da nake bi akwai allon titi mai ɗauke da sunan James Couzens. Na shekara biyu ina wuce shi ban tambaya ba, sai da wani tsoho baƙar fata da muke aiki tare, wanda ubansa da kakansa duk a masana'antar mota suka ƙare, ya ce mini in ina so in fahimci garin nan, in nemi labarin mutumin. Na nema. Labarinsa ne amsar tambayarku.

An haife shi a 1872 a garin Chatham na ƙasar Kanada. Ya zo Detroit yana saurayi, aikinsa na farko duba taragun jirgin ƙasa yana rubuta lambobinsu, a irin wannan sanyin da na gaya muku. Daga nan ya zama akawun wani mai sayar da kwal, Alexander Malcomson. Da maigidan nasa ya zuba kuɗi a kamfanin da Henry Ford ya kafa a 1903, sai ya tura akawunsa ya sa ido a kan lissafi. Couzens ya tattara abin da yake da shi, ya ci bashi, ya haɗa har da dala 100 ta 'yar'uwarsa, ya sayi hannun jari na dala 2,500. Ford yana wajen injin, shi kuma yana wajen littafi: sayen kaya, biyan albashi, naɗa dillalai, jigilar motoci, karɓar kuɗi kafin mota ta fita. Mutum ne mai zafin rai, ba a cika ganin haƙoransa ba, kuma ba ya barin ko sisi ya ɓata.

Na je tsohon ginin kamfanin da ke titin Piquette, wanda aka gina a 1904, yanzu gidan tarihi ne. Bene ne mai hawa uku na jan bulo, daɓensa katako, ya sha mai har ya yi baƙi, in ka taka yana ƙara. A nan aka ƙirƙiro motar Model T a 1908. Abin da ya tsayar da ni shi ne motocin farko-farko da aka jera: kujera can sama, ƙafafu masu sandunan itace, fitila irin ta aci-balbal a gefe. Keken doki ne aka cire dokin. Ina tsaye sai na tuna masu gyaran amalanke da maƙeran bakin kasuwa a gida, domin hannu irin nasu ne ya fara wannan aiki.

A watan Janairun 1914 kamfanin ya yi abin da ya girgiza Amurka: ya ɗaga mafi ƙarancin ladan yini daga dala 2 da 'yan kai zuwa dala 5, ya rage awannin aiki daga tara zuwa takwas. Sunan Ford ne ya fita, amma Couzens yana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata a kan abin. Ba sadaka ba ce zalla. Aikin layi ya yi wa mutane tsanani har suna gudu, a 1913 sai da aka ɗauki mutum sama da 50,000 don a riƙe gurbin kusan 14,000. Kuma kuɗin yana da sharaɗi, ana tura masu bincike gidan ma'aikaci su ga yadda yake zaune da iyalinsa. Wannan ɓangaren bai yi mini ba, ni da nake tsayawa a layi yanzu na san abin da ake nufi da maigida ya biyo ka har ɗaki. Duk da haka, lebura ya samu abin da zai riƙe gida.

A 1915 suka ɓata da Ford, Couzens ya ajiye aiki. Ku lura da abin da ya biyo baya. Bai tsallaka ya nemi kujerar sama ba. Ya karɓi shugabancin 'yan sandan Detroit a 1916, sannan ya ci zaɓen magajin gari ya hau a 1919. A shekarar ya sayar wa iyalan Ford hannun jarinsa a kan kusan dala miliyan 30, ya zama ba shi da sauran hannu a kamfanin yana kan kujera. Babban faɗansa a ofis shi ne jiragen cikin gari masu aiki da lantarki, waɗanda talaka ke hawa zuwa aiki. Suna hannun wani kamfani mai zaman kansa, jama'a suna kuka da kuɗin shiga da cunkoso. Mutumin da ya yi arziki da sayar da mota, shi ne ya dage har gari ya karɓe jiragen a 1922.

Shi kuwa Ford, mai sunan da duniya ta sani, ya tsaya takarar sanata a 1918, ya ƙi fita yawon neman ƙuri'a yadda aka saba, ya sha kaye a hannun Truman Newberry da ƙuri'u 'yan dubbai. Rigimar kuɗin da aka kashe a zaɓen ta bi Newberry har ya sauka a 1922. Wa aka naɗa a gurbinsa? Couzens, tsohon akawun Ford.

A majalisar dattawa ya yi ta artabu da sakataren baitulmali Andrew Mellon, wanda ke son a rage wa manyan attajirai haraji. Couzens, attajiri a cikin attajirai, ya ce a'a. Hukumar haraji ta juyo kansa tana neman miliyoyi a kan cinikin hannun jarinsa, aka je gaban masu shari'ar haraji, aka buɗe littattafai, sai aka tarar biya ya yi har ya zarce. A 1929 ya ware dala miliyan 10 don lafiyar yaran jihar Michigan, inda Detroit take, da sharaɗin a kashe kuɗin duka cikin shekara 25, kada a mai da su wani asusu da za a yi ta zama a kansa. A 1936, yana ɗan jam'iyyar Republican, ya fito fili ya goyi bayan Shugaba Roosevelt na ɗaya jam'iyyar, yana sane da abin da zai jawo masa. Ya faɗi zaɓen fid da gwani, ya rasu a watan Oktoban shekarar.

Ba shi kaɗai ba ne. Garin Flint, tafiyar awa guda daga nan, da keken doki ya fara suna kafin mota. William Paterson, maƙerin keken doki, ya yi magajin garin. Charles Stewart Mott, mai kamfanin ƙafafun mota wanda ya shige cikin General Motors, shi ma ya riƙe kujerar fiye da sau ɗaya. George Romney ya bar shugabancin American Motors a 1962, ya yi gwamnan Michigan daga 1963 zuwa 1969, kuma da ya nemi shugabancin ƙasa ya baje takardun harajinsa na shekara 12 kowa ya gani.

Amma kada wani ya karanta wannan ya ce na ce duk mai masana'anta ya cancanci ƙuri'a. Robert McNamara gwanin lissafi ne da babu kamarsa, ya zama shugaban Ford a ƙarshen 1960, bayan 'yan makonni Shugaba Kennedy ya ba shi ma'aikatar tsaro. Ya ɗauki lissafin masana'anta ya kai yaƙin Biyetnam, ana auna nasara da yawan gawa, alƙaluma suna cewa ana ci, ƙasa tana cewa ba haka ba. A kamfani, wanda bai yi maka ba sai ka sallame shi. Talakan gari ba ya sallamuwa, naka ne ko ya zaɓe ka ko bai zaɓe ka ba. Wanda bai gane wannan bambanci ba, ƙwarewarsa ma sai ta zama masifa.

Tsohon da muke aiki tare ya fi son a yi maganar Coleman Young, kuma yana da gaskiyarsa. Shi ba daga ofis ya fito ba, daga cikin leburorin Ford ya fito, aka kore shi saboda harkar ƙungiyar ƙwadago. Ya zama baƙar fata na farko da ya yi magajin garin Detroit, daga 1974, ya shekara 20 a kai. Har yau in ka ambace shi a wurin cin abincinmu sai musu ya tashi, wasu na cewa shi ya buɗe wa baƙar fata ƙofar aikin gwamnati da na ɗan sanda, wasu na cewa a hannunsa gari ya ci gaba da zubewa. Detroit tana da mutum kusan miliyan 1.8 a 1950, yanzu ba su kai 700,000 ba, kuma a 2013 garin ya bayyana cewa ya kasa biyan bashinsa. Akwai layukan da za ka bi ka ga gida ɗaya a tsaye, sauran fili ne da ciyawa. Ranar da na fara ganin haka, Kakuri ce ta faɗo mini a rai, da masaƙun da suka yi shiru, da lokacin da Peugeot 504 ke fitowa sabuwa fil daga Kaduna, ana haɗa manyan motoci a Kano da Bauchi. Na daɗe zaune a mota ban tayar ba.

Don haka, Baba, da ku sauran masu tambaya, in mai masana'anta ya zo neman ƙuri'a, ni ba zan tsaya kan yawan motocin ayarinsa ba. Zan nemi mai gadin ƙofarsa da direbansa in ji ko albashi yana zuwa a kan lokaci. Zan so in san me masana'antar take fitarwa da za a iya taɓawa da hannu, ko kuwa kwangila ce kawai da allo a bakin titi. Zai saki kamfanin in ya hau, ko kujerar ce za ta zama reshen kamfanin? Ya taɓa riƙe ƙaramar kujera aka ga kamun ludayinsa? Kuma ina 'yan Panteka da 'yan Ƙofar Ruwa, masu sana'a da ƙungiya da dubban yara a ƙarƙashinsu, me ya sa kullum su ne masu cika filin taro, ba a ganin nasu a takardar zaɓe ko da ta kansila ce?

Batun takardun zama dogo ne, ba zai shiga nan ba. Abu ɗaya kawai: kada kowa ya sayar da gona ko fili ya ba wani da ya ce zai samo masa biza ta bayan gida. Azumi kuwa, in ya faɗo cikin sanyi gajere ne, kuma akwai masallatai a Hamtramck da Dearborn inda muke haɗuwa mu sha ruwa tare. Kuɗin mota sai wasiƙa ta gaba.

An ce dusar ƙanƙara za ta sauko cikin dare, dole in kwanta da wuri don in share ƙofar gida kafin in fita. A gaida Inna, a ce mata yajin da ta aiko ya iso, kuma a sa mu a addu'a.

Ɗan'uwanku,
daga Detroit, jihar Michigan.