Kafin Ka Hukunta Ɗalibin da Ya Makara, Duba Rajista

Ƙannena da kuka fara koyarwa a makarantun gwamnati, akwai kuskuren da mu na gabanku muka daɗe muna tafkawa, ba na so ku gaje shi. Talauci ba ya shigowa aji da sunansa. Yakan zo ne a matsayin makara, gyangyaɗi, rashin littafi ko aikin gida da ba a yi ba. Mu kuwa sai muka riƙa hukunta alamar, muna cewa lalaci ne ko taurin kai.

Rajistar kiran suna ita ce wurin farko da muka yi sake. Muna cike ta don mai duba makarantu kawai, a haɗa jimilla a rufe. Masu nazarin ilimi suna ɗaukar ɗalibin da ya rasa kashi 10 cikin 100 na ranakun karatu a matsayin mai fashi mai tsanani. A shekarar karatu mai kwana 180, kwana 18 ke nan, wato kamar kwana 2 a wata, abin da ido ba ya kamawa sai an ƙirga. Kuma yadda fashin ke faɗowa ya fi yawansa bayani. Wanda ke ɓacewa rana guda a kowane mako, galibi aikin neman kuɗi yake zuwa. Wanda ke ɗaukewa makonni a lokaci ɗaya na shekara, ana buƙatar hannunsa a gona ko a sana'ar gidansu. Yarinyar da ta balaga mai rasa kwana 2 ko 3 duk wata, a binciki audugar mata da banɗaki mai ƙofa da ruwa. Wanda kuma ba ya zuwa duk ranar da za a karɓi kuɗi ko a duba kayan makaranta, kunya ce ta tsare shi. Zana layi ƙarƙashin kowane suna a ƙarshen wata ka ƙirga ranakun fashinsa, minti 20 sun isa.

Na biyu, mun yarda da kalmar "kyauta" fiye da kima. Gaskiya ne soke kuɗin makaranta yana aiki: Yuganda ta yi a 1997, Kenya a 2003, yara suka cika azuzuwa har wurin zama ya gagara. Amma bayan an soke wannan, saura kayan makaranta, takalmi, littattafan rubutu, kuɗin mota, kuɗin jarrabawa da na ƙungiyar iyaye da malamai. Ɗauki takarda ka lissafa duk abin da ɗalibi ɗaya ke buƙata a zango guda, ka ninka da yawan yaran gidan. A nan za ka ga dalilin da ya sa ake tura biyu a bar uku. Mafi munin abin da muka yi shi ne kiran sunayen masu bashi a gaban taro da kora su gida. Kuɗin ba sa fitowa, yaron kuma ya rasa mako guda, wani ma daga nan bai sake dawowa ba.

Gyangyaɗin safe ma yana da tushe. Yunwa ce, ko ƙarancin jini, ko tsutsar ciki, ko aikin dare. Binciken da masana tattalin arziki Miguel da Kremer suka wallafa a 2004 kan makarantun yammacin Kenya ya nuna maganin tsutsa ya rage fashi da kusan kashi ɗaya bisa huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar raba shi sau ɗaya ko biyu a shekara inda cutar ta yi yawa, amma wannan aikin ma'aikatan lafiya ne, naka shi ne ka kira su. Abin da za ka iya da kanka shi ne gwajin gani: tsayar da yaro mita 6 daga allo, ya rufe ido ɗaya ya karanta, sannan ɗayan. Da yawa daga waɗanda muka kira daƙiƙai tabarau kawai suka rasa.

Kan musabbabin talaucin kansa, mun yi saurin ɗora wa iyaye laifi. Akwai gidajen da sakaci ne, ba a musu. Amma abin da ya fi yawa shi ne samun da ba ya tsayawa wuri ɗaya, ciwo ko mutuwar mai ciyar da gida, rabuwar aure, gudun hijira, bashi, da tsadar da ta wuce albashi. Akwai kuma dalilin da ba a cika faɗa ba: duk mai hali yana cire ɗansa zuwa makarantar kuɗi. Sai makarantar gwamnati ta zama matattarar marasa ƙarfi ko da talaucin gari bai ƙaru ba, kuma iyayen da ke da bakin matsa wa hukuma ta gyara rufi ko ta turo malamai sun tafi da muryarsu. Don kada talauci ya hana yara karatu ne Meziko a 1997 da Birazil a 2003 suka kafa shirye-shiryen biyan iyalai tallafi bisa sharaɗin yaro ya riƙa halartar aji.

Idan za ka tambayi ɗalibi, kada ka yi a gaban 'yan ajinsu, kada kuma ka ce "me ya sa ka makara?", domin ƙarya za ka sa shi. Ja shi gefe ka ce, "Ƙarfe nawa ka tashi yau? Me ka yi kafin ka taho? Tafiyar minti nawa ce?" Rubuta amsar a littafin da kai da shugaban makaranta kaɗai ke gani. In an samu taimakon littafi ko kaya, a miƙa a ofis bayan an tashi, ba tare da hoto ba.