Ruwan farko na damina da kwatocin Yamai

A Yamai babu inda ake tace ruwan da ke bin tituna. Abin da ya faɗa kwata a tsakiyar gari, kwarin Gunti Yena zai bi ya shiga kogin Isa, wato kogin Neja, kuma a bakin wannan kwarin masu lambu ke ban ruwan salati da kabejin da muke saye a kasuwa.

Mafi ƙazantar ruwa shi ne na farkon damina, don shi ke wanke dattin da ya taru tun watan Oktoba. Saboda haka a watan Mayu ya kamata a yashe kwatar ƙofar gida, kafin hadari ya fara haɗuwa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tono yashi da leda a jibge su a bakin kwatar a tafi. Ruwa ɗaya ya isa ya mayar da su. A bar tulin ya tsane kwana biyu, a tsince leda da tsumma a zuba a buhu, sannan a kira mai amalanke ya kwashe. Leda ita ce uwar matsalar: tana maƙalewa a bakin bututun da ke ƙarƙashin hanya, yashi ya taru bayanta, ruwa ya juya ya nufi gidaje. Tun 2014 Nijar ta yi dokar hana irin wannan ledar, amma har yau ita mai shago ke miƙo maka. Mai gini kuma sai ya kewaye yashinsa da bulo layi biyu, kada ruwa ya kwashe shi zuwa kwata.

Ruwan rufi abin tarawa ne. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, wato rufin kwano mai murabba'in mita 100 zai zubo lita 3,000 a ruwan milimita 30, ganga 15 ke nan masu lita 200. A bar na mintoci goman farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye, sannan a tara. A rufe bakin gangar da yankin gidan sauro, domin a zafin nan kwana bakwai zuwa goma sun ishi sauro ya ƙyanƙyashe ya tashi.

Ruwan wanka da na wanke-wanke kuwa ba na titi ba ne. A haƙa rami mai faɗin mita ɗaya, zurfin mita ɗaya da rabi, a cika shi da manyan duwatsu a ƙasa, tsakuwa a sama, nesa da rijiya da mita 30, nesa da katangar ƙasa da mita uku. Maiƙon tukwane ne ke toshe shi, don haka a gina ƙaramin akwatin siminti mai murfi kafin ramin, a riƙa kwashe maiƙon duk mako. A unguwannin bakin kogi irin su Saga da Lamorde, inda ruwan ƙasa ke kusa, ramin ba ya shanyewa da damina, sai a yi shi mai faɗi marar zurfi.

Abin da ya fi ciwo shi ne masu jiran a kece da ruwa cikin dare su juye masai a titi. Wannan ruwan yara ke wasa a ciki da safe, kuma ta nan amai da gudawa ke shiga unguwa. Haka baƙin man gareji, shi ma kada a bari ya bi ruwa: a tare shi a tasa, a ɗura a jarka mai murfi, wanda ya zube a ƙasa a watsa masa yashi a kwashe tun yana danye.