Takardar lauya da ta same ni a Agege

Shekara 11 ke nan ina da siton shinkafa da wake a Agege, kuma a yawancin shekarun nan ban taɓa ɗaukar ma'aikaci da takarda ba, domin a tsakaninmu Hausawan Legas mutum yakan zo ne ta hannun dattijon da ya tsaya masa, a yi magana a gaban shaidu, a kama aiki. Haka na ɗauki mai kula da sitona, ya yi mini shekara huɗu. Ranar da lissafi ya nuna buhu 12 sun ɓace, na sallame shi nan take cikin fushi, a gaban 'yan dako, ban saurari ta bakinsa ba, alhali hujjata ba ta wuce zato ba.

Bayan wata biyu takardar lauyansa ta iso, daga nan magana ta kai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa da ke Ikoyi, wadda gyaran kundin tsarin mulki na 2010 ya ba ta hurumin shari'un ƙwadago. A nan na san cewa doka ta wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki, kuma wanda ya yi shekara biyu zuwa biyar yana da haƙƙin sanarwar mako biyu. Da farko hankalina a kwance yake, saboda ina biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi ga NSITF, hukumar gwamnati mai kula da asusun diyyar ma'aikata. Lauyana ya ce mini, "Alhaji, wancan kuɗi na wanda ya ji rauni ne ko ya rasu a bakin aiki, ba ruwansa da ƙarar sallama." Dattawa suka shiga tsakani aka yi sulhu, na biya diyya da kuɗin lauya daga jarina, na kuma nemi gafarar mutumin, domin na ci masa mutunci.

Bayan haka na je wurin dillalin inshora mai lasisin NAICOM, hukumar da ke sa ido kan harkar inshora, na nemi inshorar da ke kare mai sana'a daga ƙarar ma'aikatansa. Na daɗe ina ɗari-ɗari da inshora saboda shubuhar da malamai ke ambata, don haka sai da na zauna da malamina muka bi sharuɗɗan kafin na sa hannu. Wadda na saya tana ɗaukar kuɗin lauya da diyya idan aka zarge ni da sallama ba bisa ƙa'ida ba, ko nuna bambancin ƙabila ko addini, ko cin zarafi a wurin aiki. Ba ta biyan albashin da na riƙe wa wani, kuma wannan daidai ne, domin gumin ma'aikaci bashi ne a wuyana. Kason farko na kowace asara ni zan biya.

Sharaɗin da ya fi yi mini nauyi shi ne na sulhu. Wajibi ne in sanar da kamfanin inshorar da zarar takardar ƙorafi ta iso, cikin shekarar da inshorar ke aiki, kuma ba ni da ikon amsa laifi ko yin alkawarin kuɗi sai da yardarsu. Mu kuwa al'adarmu ita ce a kashe magana tun da zafinta, a zauren sarkin Hausawa ko bayan sallar la'asar. Yanzu idan dattawa suka kira ni ina zuwa, ina saurara da ladabi, amma ina roƙon su ba ni kwana biyu kafin in furta adadi, kuma na bayyana musu dalili tun kafin wata rigima ta taso.

Kamfanin bai karɓe ni ba sai da na nuna takardar ɗaukar aiki ta kowane mutum da tsarin gargaɗi a rubuce. Na tara ma'aikatana 14, aka karanta wa kowa tasa da Hausa ko Yarbanci, uku daga cikinsu suka nemi a gyara lokacin tashi ranar Juma'a, aka gyara kafin su sa hannu.