'Yar tsagar da ta zama taga

Jirgin farko da na gyara ni kaɗai, ba maigidana a kaina, kwana 11 ya yi a ruwa ya dawo mana. Jirgin fayiba ne mai tsawon mita 7, da injin Yamaha mai doki 40 a bayansa, yana jigilar mutane da kwandunan kifi a tafkin Lagdo da ke arewacin Kamaru. Tun da aka kammala madatsar a 1982 ruwa ya shanye daji da duwatsunsa, kuma idan rani ya yi nisa ruwa ya ja, abin da ke kwance a ƙasa sai ya matso kusa da cikin jirgi. Direban ya taho a guje da yamma ya hau wani abu, shi kansa bai ga ko mene ne ba.

Aka ɗoro jirgin a mota aka kawo Garwa, ranar kuwa maigida ya tafi ta'aziyya Marwa. Alhaji mai jirgin ya nuna min wurin da sandarsa ya ce, "'Yar tsaga ce, yaro, ba ta fi taƙi ɗaya ba. Liƙe min ita, jibi kasuwa." Na ce an gama, ranka ya daɗe. Na ɗan goge wurin da samfefa, na shimfiɗa fayiba falle uku, na malala rezin, wato ruwan danƙon da ke daskarewa ya riƙe fayiba, na shafe da fenti har ba ka gane inda aka taɓa. Alhaji ya yaba, ni kuma kaina ya kumbura. Da jirgin ya dawo, facin ya ɗago kamar ɓawon rogo. An ce fasinjoji da kwanonin abinci suka riƙa kwashe ruwa har aka kai gaɓa. Allah ya tsare, ba a rasa rai ba.

Na zaci maigida zai yi faɗa. Sai kawai ya zaro dala ashirin ta ƙarfe daga aljihu ya miƙo min da guntun alli. "Ƙwanƙwasa, ka saurara. Duk inda murya ta sauya, ja layi." Na fara daga nesa da tsagar. Inda jiki ke da lafiya ƙarar tana fita tsaf, ƙas-ƙas. Ina matsowa sai ta dushe, ta koma kamar ana buga kwali. Da na gama zagayawa, abin da allin ya kewaye ya fi faifai biyu faɗi, tsagar da na liƙe kuwa tana tsakiya 'yar mitsitsiya.

A nan ya fahimtar da ni abin da shekara biyu ina kallo ban gane ba. Jikin jirgin fayiba falle-falle ne na zaren gilashi da rezin ya haɗe, sai fatar waje mai sheƙi, wadda kariya ce da ado, ba ta ɗaukar nauyi. Idan jirgi ya daki abu, jikin yakan lotsa ciki ya dawo, fallayen su rabu da juna a ɓoye, fatar kuma ta nuna tsaga ɗaya kacal. Muka yanke daɓen ciki muka leƙa. Haƙarƙarin da ke bin tsawon jirgin ya ɓalle daga jiki, katakon da ke cikinsa ya yi baƙi, ina danna shi da yatsa ruwa na fitowa. Wato duk igiyar ruwan da jirgin ya hau, wurin sai ya yi numfashi. Ko falle goma na ɗora a waje, da sai ya buɗe.

Abu mafi wuya bayan wannan shi ne jira. Rezin ba ya kama jiƙaƙƙen wuri, ruwan da ya shiga tsakanin fallaye kuma ba ya fita a yini ɗaya, ko da zafin Garwa. Muka yanke duk abin da ya mutu, muka bar jirgin a buɗe. Kullum da yamma maigida ya manna farar leda a bakin ramin ya rufe gefunanta, da safe mu duba. In ta yi gumi a ciki, da saura. Sai da muka kwana tara kafin ta wayi gari a bushe.

Ranar da Alhaji ya zo ya tarar mun gurza wurin, ya riƙe baki. "Malam, na kawo muku tsaga kun mayar min da ita taga?" Maigida ya ce, "Alhaji, tagar dama tana nan, labule muka ɗaga." Gaskiya ni ma hannuna rawa yake idan zan faɗaɗa rami a dukiyar mutum yana kallo, amma ba makawa. Sabon rezin ba ya narkewa cikin tsohon da ya daskare, kama shi kawai yake yi, don haka sai an ba shi fili mai faɗi mai kaushi. Ƙa'idar ita ce a fiƙe bakin ramin a kwance, faɗin gangaren ya ninka kaurin jiki sau 12. Jirgin nan kaurinsa milimita 8 ne, ka ga kusan santimita 10 ke nan ta kowane gefe. Sannan a share ƙura, a goge da asiton, ruwan sinadarin da ke cire maiƙo, da tsumma mai tsabta, kada tafin hannu ya sake taɓawa. Lokacin hunturu har labulen buhu muke kewayawa saboda ƙurar da iska ke kawowa.

Da can ina ganin yawan rezin shi ne ƙarfi. Maigida ya ɗauko ragowar da ta daskare a gindin gwangwani ya buga da guduma, ta tarwatse kamar kwalba. Ya ba ni guntun jikin jirgi ya ce in karya, na kasa. Ƙarfin a zaren yake. Muna jera fayiba iri biyu, mai gashi-gashi da saƙaƙƙe, ɗaya bayan ɗaya, kowane falle an yanka shi daidai da gangaren, a jiƙa shi har farinsa ya ɓace, a bi da rola a kori iska. Farin tabo ɗaya da ka bari, nan ruwa zai fara zama. Daga ciki ma muka yi haka, muka sa sabon haƙarƙari muka naɗe shi da fayiba har ya zarce kan lafiyayyen jiki hagu da dama.

Maganin daskarwa kuwa, wato ruwan da ake ɗiga wa rezin don ya daskare, duk mai cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, bai taɓa ganin gwangwanin rezin yana hayaƙi ba. Ni na gani. A watan Afrilu, zafi ya haura 40, na kwaɓa kilo biyu da rana tsaka na zuba magani da ka. Kafin in gama falle ɗaya ya yi kauri, gwangwanin ya ɗau zafin da ba ya taɓuwa, buroshin ya maƙale a ciki har abada. Kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na yawan rezin ake sawa, da sirinji, a kwaɓa kaɗan-kaɗan, kuma a bazara bayan sallar asuba muke farawa mu tashi kafin hantsi ya yi ƙarfi. Kayan nan daga Duwala suke tahowa, ba araha gare su ba, asarar kilo biyu sai da na ji ta a aljihuna. Maganin kuma in ya fantsama a ido yana iya makantarwa, shi ya sa ba na buɗe kwalbarsa sai da tabarau. Ƙaiƙayin ƙurar fayiba dai ba wanda ya tsira, ya fi na gero. Doguwar riga, takunkumi a hanci, in an tashi a yi wanka da ruwan sanyi ba tare da susa ba.

Alhaji kuɗin kaya kawai ya biya, ladan aiki maigida ya ce a kaina yake. Da aka mayar da jirgin Lagdo ya ce in bi motar, wai wanda ya yi gyara shi ke fara shiga. Muka loda buhunan yashi a madadin fasinja. Na tsuguna daidai wurin, mun bar daɓen a buɗe, na ɗora tafin hannuna a kan facin. Direban ya ja inji, gaban jirgin ya ɗaga, muka fara dukan igiyar ruwa, ina jin bugun har kafaɗa amma jikin bai motsa a ƙarƙashin hannuna ba. Muka wuce wasu masunta suna jan koma. Direban ya waiwayo ya ɗaga murya, "Ɗan'uwa, in ƙara?" Na share ruwan da ya fantsamo min a fuska, na duba tafin hannuna a bushe yake, na ce ƙara.