Tarihin Rayuwata, Kashi na Biyar: Wasiƙar Inna

A makon jiya na tsaya ne a lokacin da zazzaɓi ya kayar da ni a Kano cikin ranin 1987, ina ɗan cirani mai sana'ar ga-ruwa, ba ni da kowa a kusa sai garewanina biyu da sandar da nake rataya su. Shekarar ta zo da tsanani, domin tun da gwamnatin Babangida ta shigo da tsarin tsuke bakin aljihu a 1986 darajar naira take zubewa, abin da nake samu a wuni ba ya kai ni ga tuwon dare balle magani.

Wasu samari biyu ne suka ɗauke ni suka kai ni zauren wani mutum da zan kira shi Malam kawai. Da hannunsa ya ba ni kunun tsamiya mai zafi, ya sa aka sayo mini magani, sannan ya tambayi sunana da na mahaifiyata, ya kuma riƙe su. Duk wanda bai taɓa yin wata uku a birni ba tare da wani ya kira sunansa ba, da wuya ya gane nauyin wannan abu a zuciyar yaro ɗan shekara goma sha tara. Har yau ina ganin da wannan ƙoƙon kunu ya kama ni, wa'azinsa daga baya ya biyo.

Bayan kwana goma ya kira ni bayan sallar isha'i, ya dube ni ya ce, “Ɗana, gonar mahaifinka da aka jinginar ita ce take hana ka barci.” Jikina ya ɗauki rawa, na tabbata Allah ya yaye masa hijabi. Sai bayan shekaru na gane cewa yaron da muke kwana tabarma ɗaya, wanda nake yi wa kukan zuci da daddare, shi ne yake kwashe maganata ya kai masa kafin asuba, kamar yadda ni ma daga baya na riƙa kai maganar wasu ina ɗaukar hakan ibada ce.

Dokokin ba su zo a rana ɗaya ba. Da farko cewa aka yi mu riƙa ajiye cinikinmu a wurinsa saboda ɓarayi, daga nan aka hana mu cin abincin waje, sannan aka hana mu bin kowane limami sallah, wai duk malaman gari sun sayar da addini. Muna kwana wuridi, mu sha rubutu da asuba, mu fita neman kuɗi da idanu jajur, ta yadda babu wanda yake da sauran ƙarfin yin tunani.

Ana cikin haka Kawu, ƙanin mahaifiyata wanda yake ɗinki a Fagge, ya gano inda nake. Ya same ni a bakin famfo, ya ja ni gefe, ya tuna mini abin da ya gani da idonsa a watan Disambar 1980, lokacin da mabiyan Muhammadu Marwa, wanda aka fi sani da Maitatsine, suka mamaye unguwar 'Yan Awaki a Kano har sai da aka kawo soja. Hukumar bincike ta Mai Shari'a Aniagolu ta ƙidaya mutum 4,177 da suka mutu, kuma wutar ta sake tashi a Bulunkutu ta Maiduguri a 1982, da Jimeta a 1984, da Gombe a 1985. Kawu ya ce da yawa daga cikin gawarwakin da ya gani na samari ne irina, 'yan cirani da gardawan da suka shigo birni ba su da mai ce musu sannu. “Su ma da abinci aka fara da su,” in ji shi, hawaye na zubo masa.

Na amsa masa da maganar da har gobe take ƙona mini rai. Na ce, “Kawu, Malam bai taɓa ba mu kwari da baka ba, kuma ku mutanen duniya ba za ku fahimce mu ba.” Bai tanka ba, sai ya zaro wata wasiƙa da Inna ta sa aka rubuta mini da ajami, ya danƙa mini a hannu, ya juya.

Babu wanda ya gan mu, amma a daren da ƙafata na je na durƙusa na ce, “Allah ya gafarta Malam, ga abin da ya faru.” Ya karɓi wasiƙar bai buɗe ba, ya ce ita uwa tana da haƙƙi, sai dai Shaiɗan ya fi iya shigowa ta ƙofar da bawa ya fi so. Ya mayar mini da ita, ya nuna kaskon garwashin da ke gabansa, ya ce ba zai tilasta mini ba. Da hannuna na saka ta a wuta, ina kallon rubutun yana nannaɗewa, ban san cewa a ciki Inna take sanar da ni mahaifina yana kwance ba shi da lafiya ba.

Za mu ci gaba a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.