Ɗaukar silo da sauya gudun hoto: lissafin da ake yi tun kafin a kunna kyamara

Silo, wato hoton da motsinsa ke tafiya a hankali, mai kyau a cikin kyamara ake yin sa. Idan aikinka zai fita a firem 25 cikin daƙiƙa, ka ɗauka a 50, gudun motsi zai ragu da rabi. A 100 kuwa daƙiƙa ɗaya za ta koma huɗu. Wanda ya ɗauka a 25 sannan ya je editin yana jan hoton, manhaja ce za ta ƙirƙiro masa firem ɗin da babu su, shi ya sa ake ganin ƙafar doki tana narkewa.

Kuɗin silo da haske ake biyan sa. Idan shata, wato ƙofar da ke barin haske ya shiga kyamara, tana kan digiri 180 (tana buɗe rabin lokacin kowane firem), a firem 25 tana buɗewa 1/50, a firem 100 kuma 1/200. Wato kowane firem kashi ɗaya cikin huɗu na hasken yake samu, sitof biyu sun tafi ke nan (kowane sitof rage haske ne da rabi). A fili da rana ba damuwa, rage filtar ND, gilashin da ke tare haske, kawai za ka yi. A cikin ɗaki ne ake shan wuya: ka buɗe lens fokas ya yi siriri, ka ɗaga ISO (ƙarfin jin haske na kyamara) hoto ya yi tsaki-tsaki. Ƙara fitila ya fi duka biyun.

Ita ma fitilar a kula da ita. Wutar Najeriya da Nijar 50Hz ce, don haka fulorasan da ƙananan LED masu araha suna ƙyaftawa sau 100 a daƙiƙa. Ido ba ya gani, amma ka ɗauka a 60 ko 120 hoto zai riƙa walƙiya. Tsaya a 50 ko 100. Idan kan janareta ake, ko wannan ba tabbas, domin gudunsa na hawa da sauka. Ɗauki gwaji, ka kalle shi nan take.

Ka san halin kyamararka kuma. Blackmagic Pocket 4K tana kai 120 ne a HD ta hanyar yanke tsakiyar sensa, sai hoton ya matso kamar an yi zum. Sony FX3 a yanayin S&Q (na ɗaukar silo da mai sauri) ba ta ɗaukar sauti, sai an naɗa daban.

Sauya gudu kuwa, ɗauki misalin jahi a Hawan Daushe: mahaya sun sako a guje, sun ja linzami, ƙura ta tashi. Ɗauki dukkan sukuwar a 100. A manhajar editin ta DaVinci Resolve, idan hoton yana tafiya a firem 25, wato duka silo ne, danna Ctrl+R, sa farkon a 400% don ya yi gudunsa na asali, ka sauko 100% daidai inda ƙafafun gaba suka bar ƙasa. Buɗe Retime Curve, layin da ke nuna gudun hoton, ka lanƙwasa mahaɗar, in ba haka ba sauyin zai zo kamar an taka birki.

A nan ne da yawa ke mamaki: ɓangaren mai gudu sai ya fito yana tsalle-tsalle. Dalili, an ɗauke shi da shata 1/200, babu wannan ɗan dishi-dishin motsi da ido ya saba da shi a 1/50. A ganina, in dai ka san za ka sauya gudu, gara ka sa shata a 1/100 tun farko. Silon zai ɗan yi laushi, amma mai gudun zai kwanta, ga sitof ɗaya na haske da ka dawo da shi, kuma 1/100 ta dace da wutar 50Hz.