Jita a kafaɗa, daga Nima zuwa Aboabo

A Gana, da yawa daga cikin makaɗan da ka ga sun ƙware a jita ko ganga, a coci suka koya. Hakan ya samo asali ne tun juyin mulkin Rawlings na ƙarshen 1981, lokacin da dokar hana fitar dare ta shafe fiye da shekara biyu tana aiki. Gidajen rawa suka mutu, makaɗa suka koma coci da kayansu. To ni ɗan zango ne, haifaffen unguwar Nima a birnin Accra, mahaifina kuma malamin makarantar allo. Ina zan koya?

Kawuna ne ya buɗe mini ƙofa. Yana saurayi ya shiga cikin taron da ya cika Dandalin Black Star na Accra ranar 6 ga Maris 1971, ya ga Santana, gwanin jita daga Amurka, da idonsa, kuma har ya tsufa bai daina ba da labarin daren ba. Shi ya fara saka mini fayafayan Osibisa, ƙungiyar da Teddy Osei ya kafa a Landan a 1969, yana cewa, "Ɗana, saurara, wannan kiɗan Turawa ne ko namu?" Shi kuma ya saya mini jita ta hannu, ya ce in ajiye ta a ɗakinsa kada Baba ya gani.

Mu biyar ne a ƙungiyarmu, muna kiɗan rok. Tafiya Kumasi ita ce makarantarmu: kilomita kusan 250, amma in hanya ta cushe sai ka yi awa shida, sifika a kan cinyarka, gangar abokinka tana dukan ƙeyarka. A Nkawkaw muke sayen burodi, shi ne abincin rana da na dare.

Daren da ya canza mini hannu a unguwar Aboabo ta Kumasi ne, a 2015, ana tsakiyar wahalar dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki. Wuta ta ɗauke, janareta ya yi tari sau biyu ya mutu, mutane suka fara juya baya. Na ajiye jitar lantarki, na ari ta katako, na zauna a bakin dandamali. Ban san abin da ya sa ba, yatsuna suka koma salon gurmi irin wanda nake ji a bukukuwan unguwarmu, tsirkiya biyu kawai nake taɓawa. Wani dattijo mai kalangu da aka gayyato don wasan farko ya matso, ya saƙale kalangunsa a hammata, ya shiga amsa mini. Fitilun waya suka haska fuskarsa, gumi na bin gemunsa, idanunsa a rufe. Wata mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, ta bar tukunyarta ta zo ta manna mini sidi biyar a goshi. Da aka tashi, dattijon ya ce, "Yaro, da can ihu kake yi, yanzu ka fara magana." Tun daga ranar, ko na ƙure ƙarar amfilifaya, wannan salon ne a ƙarƙashi.

A daren kuma wanda ya shirya wasan ya sulale da kuɗinmu. Sai da wani mai shayi ya ranta mana kuɗin mota. Yanzu ba na ɗaga ko wayar jita ɗaya sai rabin kuɗi ya shigo ta MoMo, hanyar tura kuɗi ta wayar hannu, kafin alƙalami ke nan.

Bikin ba wa mawaƙa lambar yabo kuwa na daɗe ina mafarkinsa, tun 2007 da King Ayisoba, mawaƙi daga arewacin Gana, ya ɗauki kyautar waƙar shekara da kologo, abin kiɗan gargajiya mai tsirkiya biyu. Na ce ashe akwai wuri ga irinmu. Da aka kira ni in raka wani mawaƙi a wani bikin daban, mako uku na yi ina gwaji. Muka iso da hantsi, muka zauna a bayan fage har bayan isha'i, a lungu na yi sallolina a kan kwali. Saura minti goma mu hau, wani mai riƙe da takarda ya ce ba za a haɗa jitata ba, kiɗan da aka naɗa za a saka, ni dai in motsa hannu. Na hau, na yi minti huɗu ina kaɗa abin da ba wanda yake ji. Fitilu na walƙiya, ana tafi, zuciyata kamar an ɗora mata dutse.

Da asuba na iso gida, na tarar Inna ba ta kwanta ba. Ta tara maƙwabta sun kalla a talabijin, har Baba ma, in ji ta, ya leƙo ta taga. Ta zuba mini koko, ta turo mini ƙosai, ta ce, "Na ji kiɗanka ya yi daɗi." Na ce, "Inna, ba nawa kika ji ba." Na ɗauko jitar daga jaka, na zauna a kan tabarmarta, na kaɗa mata a hankali don kada in ta da yara. Baba yana alwala a tsakar gida, na ji butar ta yi shiru har na gama.